Ramukan ƙusa a tsohon katako: in cike da fila ko in bari?

Abu_Fatima:
Assalamu alaikum. Masana aikin kafinta, ina neman shawara. Bana muka sauya rufin gidan mahaifinmu a Zariya, aka sauke katakon da ya girme ni. Madaci ne, ja wur idan an kankare, gara ba ta taɓa shi ba. Ban yarda a yi itacen girki da shi ba, teburin cin abinci nake so in haɗa wa Hajiya. Matsalar ita ce ramukan ƙusa sun yi yawa, kowanne da baƙin zobe na tsatsa, sannan katako biyu sun tsage tsawon kamu guda. Fenti ba na so, banish zan shafa don a ga jikin itacen. Wace fila ce ba za ta tona asiri ba?

Kafinta_Naibawa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar fila, bi kowane katako da maganaɗisu. Tsohon katakon rufi ba ya rasa karyayyiyar ƙusa a ciki, guda ɗaya ta isa ta ɓare maka bakin inji.

Ƙananan ramuka kuwa, tara garin katakon nan naka, mai laushin da sanfefa ke fitarwa, ba na zarto ba. Kwaɓa shi da farin gam irin Top Bond ya yi kauri, ka danna a ramin har ya ɗan tudu, domin idan ya bushe yana lotsawa. Rami mai zurfi kada ka cika shi tashi ɗaya, sama za ta bushe ciki na ɗanye. Washegari ka goge da sanfefa lamba 120, ka bi da 220. Amma ka sani wurin zai fi sauran duhu, kuma inda gam ya malala a gefe ba ya shan kala. Gwada a guntun da za ka yar, har da banish ɗin, kafin ka taɓa fuskar tebur.

Sani_PanelBita:
Oga, bodi fila ta mota fa? Minti kaɗan ta kama, ba ta lotsawa.

Kafinta_Naibawa:
Malam Sani, da fenti zai yi da na ce to. Ƙarƙashin banish tabo za ta fito fili.

Dattijo_Katsina:
Ɗana, Allah ya yi albarka da ka tuna da mahaifiyarka. Ni tsagar nan ce ta dame ni. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, fila kuma ba ta bin sa. Ka cika doguwar tsaga yau, iskar hunturu na kaɗawa za ka ga ta buɗe a gefe tana zubowa. Fere siririn katako daga madacin nan, ka bi da tsawon jijiyarsa, ka shafa gam, ka buga shi ciki a hankali, ka ɗaure sai ya kwana. Haka ma duk inda sukuru zai shiga ko ƙafa za ta haɗu da firam: fila ba ta riƙe komai. Huda wurin, ka sa turken katako da gam.

Ramukan ƙusa kuma, a ganina kada ka wahalar da kanka wajen ɓoye su. Wannan baƙin ya shiga jikin itacen, sanfefa ba ta cire shi duka. Tunda teburin abinci ne dole a toshe, kada miya da tsaki su riƙa maƙalewa. Sai ka sa ɗan garin gawayi a kwaɓin ya fito baƙi gaba ɗaya, ya fi ja-ja mai neman kama da bai kama ba.

Abu_Fatima:
Na gode ƙwarai, Baba. Zan fara da maganaɗisun. Garin gawayin kamar yaya zan zuba, kuma ba zai ɓata gefen ramin ba wajen gugar sanfefa?