Neman shawara kan na'urar hannu ta kwaɓa cikon haƙori inda wuta ba ta zama

Ɗan Adar, karkarar Tahoua

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ni ma'aikacin sashen haƙori ne a wani asibitin karkara a jihar Tahoua, kuma akwai matsalar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da na'urar lantarki mai girgiza kafson amalgam, wato cikon haƙori na garin ƙarfe da zaiba da ke zuwa a rufe cikin ɗan kafso, sai dai wutarmu ba ta da tabbas, musamman a watannin Afrilu da Mayu. A bazarar da ta wuce wata baiwar Allah ta zo mini ranar kasuwa daga ƙauye mai nisa, da kogo a haƙorin taunarta na ƙasa. Na yi mata allurar kashe zafi, na share kogon tas, na ɗauko kafso zan ɗora a na'ura ke nan sai aka ɗauke wuta. Muka jira har la'asar, mai babur ɗin da ya kawo ta yana ta leƙowa. Daga ƙarshe na toshe mata da cikon wucin gadi, wannan mai ƙanshin kanumfari, na roƙe ta ta dawo kasuwa mai zuwa. Ba ta dawo ba sai bayan wata biyar, kumatu a kumbure, kuma dole na cire haƙorin da na so in ceta.

Na ji ana cewa akwai na'urar da ake murzawa da hannu kamar keken ɗinki, tana girgiza kafso ba tare da lantarki ba. Shin akwai wanda ya taɓa aiki da ita a cikinku, kuma kwaɓinta yana kai wa na lantarki kyau? Idan ba ta samuwa, mai walda zai iya ƙera mini ita? Wani abokina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in koma ga ɗan turmin gilashi da taɓaryarsa kamar yadda ake yi a da, tun da ana samun zaiba a hannun masu sayar wa mahaƙa zinariya.

Tsohon Likita, Yamai

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan damuwa da ka yi da haƙorin baiwar Allah. Zan fara da shawarar abokinka, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Da turmi da taɓarya na koyi wannan aiki, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Mukan auna garin azurfa da kuza da jan ƙarfe, mu ɗiga zaiba a kai, mu yi ta niƙa kusan minti guda har sai abin ya haɗe, ya yi santsi, ya daina manne wa jikin turmin. Sannan mu kwashe shi a ƴar farar ƙyalle mu murɗe da hantsaki, zaibar da ta yi rara tana tsattsafowa ƙwaya-ƙwaya tana gangarawa kan tire. Wasu ma a tafin hannu suke mulmula shi, alhali idan garin yana da tutiya kuma gumi ya taɓa shi, bayan ƴan kwanaki cikon yakan kumbura a cikin haƙori, majinyaci ya dawo da ciwon da ya fi na farko. Ƙwayoyin da suka faɗi ƙasa kuwa suna shigewa tsagar daɓe, su yi shekaru suna fitar da tururin da ba shi da launi ba shi da wari, kuma tsintsiya ba ta kwashe su, sai dai ta farfasa su ta baza. Ka kuma lura da cewa tururin zaiba a zafi mai digiri 40 ya ninka na digiri 20 kusan sau biyar, ka ga ke nan ɗakin aiki a Adar ya fi na ƙasashen sanyi haɗari nesa ba kusa ba. Kai ne za ka shaƙe shi kullum, kai da mai share maka ɗaki.

Bayan haka, maganar ta wuce ra'ayina. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan zaiba, wadda aka ƙulla a Japan a 2013 ta fara aiki a 2017, kuma Nijar na cikinta, an yi mata gyara a taron Bali na 2022. Gyaran ya nemi ƙasashe su hana ma'aikatan haƙori amfani da zaibar kwalba, sai wadda aka auna aka rufe a kafso, su kuma kauce wa amalgam a haƙoran yara na kafin famfara, da ƴan ƙasa da shekara 15, da masu juna biyu, da masu shayarwa. Don girman Allah kada ka shigo da zaibar mahaƙa ɗakin jinya.

Game da na'urar murzawa, ban ga laifinta ba muddin kafso rufaffe take girgizawa. Abin dubawa shi ne abin da ya fito idan ka buɗe. Kwaɓi mai kyau yana fitowa dunƙule guda, yana sheƙi, yana da laushi. Wanda bai ji girgiza ba yana fitowa dushi-dushi, yana marmashewa kamar fura ta bushe, kuma irinsa ne ke karyewa a baki tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya wuce ƙima kuma yana da ɗumi, ya jiƙe, ya manne a jikin kafso, ya kuma yi saurin daskarewa. Ka san minti uku zuwa huɗu kawai gare ka na danna shi a kogo.

Mai Gyaran Na'ura, Birnin Ƙonni

Malam Ɗan Adar, ni ba likita ba ne, gyaran kayan asibiti ne sana'ata, don haka ta fuskar ƙarfe zan amsa maka. Na'urar lantarki tana girgiza kafso wajen sau 4000 a minti, wato kusan sau 67 a daƙiƙa guda, kuma yawancin kafso daƙiƙa 8 zuwa 15 suke buƙata, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Hannun mutum kuwa, idan yana murzawa ba tare da ya galabaita ba, zagaye biyu yake yi a daƙiƙa. Ke nan sai an haɗa giyar da za ta ninka kowane zagaye fiye da sau 30. Sarƙar keke hawa ɗaya ba za ta kai ka can ba, sai an yi hawa biyu ko uku, a sa ƙafa mai nauyi irin ta keken ɗinki domin gudun ya daidaita, sannan a yi wa mariƙin kafson murfi, saboda idan kafso ya kuɓuce ko ya yi yoyo a wannan gudu, zaibar za ta fantsama ɗakin gaba ɗaya. Mai walda ƙwararre zai iya, amma hannunka na safe da na bayan azahar ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ba ka da abin da zai nuna maka gudun da ka yi.

Ni a ganina akwai hanya mafi sauƙi. Na'urar da kake da ita ba ta da cin wuta, kuma daƙiƙu kaɗan take aiki a kowane ciko. Batir ɗaya da ƙaramin farantin sola, da ƴar na'urar nan da ke mayar da wutar batir irin ta gida, sun ishe ta wuni guda har da saura. Ka duba bayanta ka rubuto mini lambobin da ke jikin farantin, zan faɗa maka girman abin da za ka saya.

Dokta Maman Hadiza, birnin Tahoua

Ina gaishe da Baba, ina kuma goyon bayan duk abin da ya faɗa kan zaiba. Sai dai ƙanena, ina ganin tambayar da kanta tana son a faɗaɗa ta. Kana neman na'urar hannu don amalgam, alhali akwai cikon da tun asali da hannu ake kwaɓa shi, wato simintin gilashi da muke kira CVI. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan Holan, Jo Frencken, ya fara gwada wata hanya a Tanzaniya saboda irin halin da kake ciki, inda babu lantarki babu injin huda haƙori. Ita ce ART: a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wuri da kayan hannu, a cike da siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita a 1994, kuma a 2021 ta sa simintin a jerin muhimman magunguna. Amalgam ba ya kama haƙori, dole sai an fafe masa wurin da zai maƙale, shi kuwa simintin yana mannewa da jikin haƙorin, yana kuma sakin fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, a hankali. Ga shi a taron Janeba na Nuwamban 2025 an amince a daina amalgam baki ɗaya zuwa 2034, saboda haka ko ba yau ba sai mun koyi wannan hannu.

Na shekara ina kai shi makarantun ƙauye, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne zafinmu. Lokacin aikin da aka rubuta a takardar, wajen minti biyu, an auna shi ne a digiri 23, mu kuwa a bazara kafin ka ɗago kai ya fara ƙullewa. Ga yadda nake yi. Da hantsi nake cikon, kafin rana ta take. Nakan ajiye farantin gilashin da nake kwaɓi a kai a gindin randa domin ya yi sanyi, in goge shi ya bushe ƙayau kafin in zuba komai, domin raɓa tana lalata kwaɓin. Ina girgiza kwalbar garin, in ɗebi cokali guda a shafe, in kifa kwalbar ruwan a tsaye cak har ɗigo ya fito ba kumfa. In raba garin biyu, in tura rabin farko cikin ruwan da ƴar muciyar roba, in bi da na biyu, duka cikin daƙiƙa 30. Ban da muciyar ƙarfe, domin garin gilashin yana kankare ta, cikon ya yi toka-toka. Idan kwaɓin ya daina sheƙi kafin ya shiga kogo, zubar da shi nake yi, ko da kuwa raina yana sosuwa saboda tsadarsa, tun da ba zai kama ba. Bayan na cusa shi sai in shafa basilin a yatsan safar hannu in danne na rabin minti, in kankare abin da ya yi tudu, in ce kada a ci komai sai bayan awa guda. A lokacin hunturu kuma ka riƙa rufe kwalbar ruwan nan take, don iskar tana shanye shi ya yi kauri.

Akwai CVI na kafso, amma shi ma sai da na'ura, don haka ka nemi na gari da ruwa, mai kauri, irin su Fuji IX ko Ketac Molar.

Tsohon Likita, Yamai

Ƴata ta yi magana mai kyau, amma akwai abu guda da ba zan yi shiru a kansa ba. A ƙaramin kogo mai fuska ɗaya, a saman haƙori, simintin yana daɗewa ƙwarai. Idan kogon ya ci gefe ya shiga tsakanin haƙora biyu, a bakin magidanci mai tauna goro da ƙashi, bai kai amalgam juriya ba, kuma na sha ganin ya gutsure. Irin wannan haƙori ɗanmu yana buƙatar kafsonsa tukuna, saboda haka kada ya jingine maganar batir.

Ɗan Adar, karkarar Tahoua

Baba, Yaya Dokta, Malam, Allah ya ƙara girma. Maganar turmi na bar ta har abada, kuma zan je in yi wa abokina bayanin tururin nan, domin shi ma yana da ƴaƴa da ke shiga ɗakin aikinsa. Malam, gobe in Allah ya kai mu zan aiko maka da lambobin bayan na'urar. Kogon baiwar Allah da na ba ku labarinta fuska ɗaya ne, a saman haƙori, kuma tun da na karanta amsar Yaya nake tunanin cewa da ina da kwalabe biyun nan a ranar, da ta koma gida da haƙorinta. Yaya Dokta, idan ba zan takura miki ba, ina so in shigo Tahoua ranar Lahadi mai zuwa da haƙoran da na cire na adana, in yi kwaɓin a gabanki ki gyara mini hannu kafin in taɓa bakin mutum. Akwai kuma gwangwani guda da na cika da fankon kafso da ɓurɓushin amalgam, na rufe shi ruf na hana a kai shi wurin ƙona shara, zan zo da shi ki nuna mini inda kuke kai naku.