Neman shawara: an turo ni ƙauye aikin bishara amma mutane sai raguwa suke

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Don Allah shawara nake nema wajen iyayenmu da suka riga mu shiga fili. Ni mai bishara ne, ina gama makarantar Baibul aka turo ni wani ƙauyen Maguzawa ta wajen Malumfashi. Majami'ar ta ƙasa ce rabi kwano rabi ciyawa, in ruwa ya sauko ana cikin sujada sai kowa ya ja bencinsa ya koma inda ba yoyo. Da kaka mukan kai mutum arba'in har da yara, amma da an gama sussukar dawa samari sun watse ci rani, wasu Kano wasu Abuja aikin birkila da acaɓa, a bar ni da tsofaffi da mata. Damina kuma kowa na gona, addu'ar safe daga ni sai matata sai wata tsohuwa. Masu iya karanta Littafi Mai Tsarki ba su fi uku ba, ko waƙa sai na riƙa bayarwa layi layi suna amsawa.

Sai wata kuma, akwai dattijo mai mata uku, shi ne babba a gidansu gidan ya kai mutum ashirin, yana zuwa sujada ya zauna can baya yanzu ya ce baftisma yake so, uwargidansa kuma burkutu take dafawa ranar kasuwa da shi take riƙe yaranta. In na matsa na san duk gidan za su janye. Ni tunanina in haɗa babban taron farkawa, in hayo janareto da lasifika in gayyato 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu fita wa'azi, daga gari, daga nan mu yi lancin, wato taron tara kuɗin kwano. Kuna ga zai yi?

Baba Rabaran mai ritaya:
Ɗana sannu da aiki, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi. Ajiye zancen janareton nan tukuna. Za su zo kallo, za su ɗaga hannu, baƙinka su hau mota su tafi, ranar Lahadi ka koma kai da tsohuwarka domin ba ka da wanda zai bi su gida gida. Ciwon ikilisiyarka kai da kanka ka faɗe shi, mutum uku ne ke karatu. Buɗe ajin karatu na manya da yamma, allo da alli kawai, a b c d har su kai ga karanta Bisharar Markus. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun shigo ƙasar nan 1893 su uku, biyu suka mutu kafin shekara ta zagayo sosai, sai 1902 suka samu zama a Patigi, kuma abin da ya zaunar da mishan a ko'ina karatu ne da ɗakin magani, je tashar mishan ta Wusasa a Zariya ka gani. Da Baibul na Hausa ya fito 1932 manoma ne suka koyi karatu dominsa, cikinsu aka samu masu bishara, da fartanyarsu suke tafiya. Ka nemi gona ko aro ne, a yi gayya da kai, in sun ga kanta a hannunka maganarka za ta shiga. Ka zaɓi magidanta biyu da ba sa zuwa ci rani ka riƙa zama da su kamar yadda 2 Timoti 2:2 ta ce, ranar da aka yi maka taransifa su za su riƙe wurin.

Mama shugabar zumunta:
Malam duk bayanin nan ban ji ka ce akwai zumuntar mata ba. Kana kuka an bar ka da mata, to ai su ne cocin! Ka bar madam ta tara su ko su biyar ne, tulu ɗaya da kacau-kacau sun isa, mace in ta haddace waƙa tana daka tana yi tana shara tana yi yaran gida duk sun ɗauka. Ita kuma mai burkutu don Allah kar ka hau bagadi da zancenta, kowa ya san da wa kake, kunya za ta hana ta sake zuwa. Ba don daɗi take kwana gaban wuta ba, kuɗin cefane ne. Tana da manyan tukwane ta iya tsiro, ai kunun zaƙi ma da tsiro ake yi, ko a haɗa mata adashi ta sayi gyaɗa ta shiga ƙuli-ƙuli da mai. A garinmu haka muka yi da mata biyu, ɗaya ta bari gaba ɗaya ɗayar har yau tana ɗan taɓawa a ɓoye, muna nan da ita.

Wani ɗan Sabon Rai daga Zariya:
Da girmamawa Baba amma lasifika ba zunubi ba ce fa, lokaci ne kawai bai zaɓa daidai ba. Ka bari sai satin Kirsimeti samarinka sun dawo da kuɗi a aljihu, a yi taron da su, lancin ɗin kwano ma lokacin zai yi auki. Kafin su koma ka sa masu Baibul na Hausa na murya a memori, ka buɗe masu guruf na WhatsApp kana tura wa'azi gajere da murya tunda ba karatu. Kuma ka haɗa kowa da coci a inda yake zuwa, yawanci a birni muke rasa su ba a ƙauye ba.

Ɗan ƙasar, haifaffen Ƙafur:
Ni abin da ba wanda ya taɓa shi zan faɗa. Ka je ka gaida mai unguwa da liman? In an yi rasuwa ko suna a gidan musulmi ka je, mu a can dangi ɗaya ne, wa Kirista ƙane musulmi kawu na bin na gargajiya, tuwo ɗaya ake ci. In za ka kunna lasifika kar ka juya ta wajen masallaci kuma lokacin salla a kashe. Taron dare kuwa ka manta da shi, kai ma ka san halin da yankin ke ciki da 'yan bindiga. Kafin ka sayi kwano ko bandir ɗaya tambayi takardar filin, da yawa kyautar baki ce wani kaka ya yi, ya mutu jikoki su taso. A rubuta gaban mai gari da shaidu.

Wani dikin:
Maganar mai mata uku ba wani zagaye-zagaye, doka doka ce, ba a yi masa baftisma. In aka buɗe ƙofar nan gobe 'ya'yanmu za su ƙara aure su ce ai ga wane.

Baba Rabaran mai ritaya:
Dikin, wanda ya ƙara aure yana cikin ikilisiya daban, wanda bishara ta same shi da matansa daban. Ni na ga inda aka sa mutum ya kori mata biyu, yaran suka tashi ba mai son jin sunan coci a cikinsu. Ɗana wannan ba hukuncinka ba ne kai kaɗai, kai wa faston LCC ɗinka, wato ƙaramar majalisar ikilisiyoyin yankinku, shi zai kai DCC, majalisar gunduma, abin da tsarin ikilisiyarku ya ce shi za a bi, ka gaya wa dattijon gaskiya kar ka yi masa alkawari. Amma kar ka ce ya saki kowa. Matan da yaran su shiga ajin baftisma, shi kuma ka matso da shi daga bencin baya, in za a yi aikin gini ko sasanta rigima a nemi bakinsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai iyayena. Filin ba takarda, gobe zan ga mai gari. Madam ta ce ranar Talata za su fara. Littafin koyon karatun fa a ina zan samu?

Mama shugabar zumunta:
Duba shagon littattafan Kirista na Challenge in ka shiga Kano ko Jos, ko ka tambayi ofishin DCC. In babu ka ari na 'yan aji ɗaya wajen hedimasta ka kwafe a allo, kuma ka raba ajin maza da na mata, magidanci ba zai yarda ya yi kuskure gaban matarsa ba.