Gwajin shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo: me zan shirya?

Sabon-shiga:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu za ta ɗebi sababbin 'yan wasa nan da mako biyu. Wasan dandamali ne, a filin makarantar firamare za a yi. Don Allah manya, me ake dubawa a gwajin, kuma me zan haddace?

Baba Darakta:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka sa hadda a gaba, tambayi ko wasan rubutacce ne. Yawancin ƙungiyoyinmu, daga Kano har Damagaram, ƙashin labari kawai darakta ke bayarwa, 'yan wasa su sa masa tsoka. Za a tsayar da kai da wani a ce: kai mai gida ne, wannan ɗan haya, kana bin sa kuɗin wata uku, ga shi jiya matarsa ta haihu, bismillah.

Abin da ake dubawa a nan sauraro ne. Sabon hannu yakan taho da barkwancinsa a ka, yana jiran inda zai sauke, sai abokin wasa ya ce "ai na biya ɗanka rabi" shi kuwa bai ma ji ba. Duk abin da aka miƙo maka karɓi ka ɗora a kai. In ka ce "ƙarya ne" ka yi shiru, ka kashe fitowar.

Nemi aboki, ku rubuta yanayi 10 a guntayen takardu, ku riƙa zarar ɗaya kuna yin minti uku da agogo, sannan ku yi musanya. Kafin ka buɗe baki ka san wane ne kai, me kake so wurin mutumin nan, me zai same ka in ba ka samu ba. Karin magana ɗaya a muhallinta ta isa. In ka jero uku an san guzurinsu ka yo.

Na Bayan Labule:
Ɗan'uwa, fili ka ce, to murya ce jarinka. Sau da yawa makirfo ɗaya ne, ko janareta ya ɗauke ana tsaka da wasa. Kada ka ɗauko salon fim, inda kyamara ke matsowa har fuska.

Kullum da safe minti 10: ɗora hannu a ciki, ja numfashi har hannun ya taso, ka sake shi da "sss" kana ƙirga 20 a zuci. In kafaɗa ce ke ɗagawa, da maƙogwaro za ka yi ihu, kafin kwana uku murya ta dishe. Sannan tsayar da wani taku 20 daga inda kake, ya maimaita abin da ya ji. Za ka ga kalmar ƙarshe ce ke ɓacewa, don Hausa gangarowa take yi yayin da jimla ke ƙarewa. Riƙe numfashi har ka dire ta. Don sakin harshe kuwa, "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto" na yara ya wadatar. In da hunturu ne, ruwan ɗumi, ban da na ƙanƙara.

Hajiyar Dandamali:
Baba, a gafarce ni, amma kada yaron nan ya je hannu rabbana. Ɗana, haddace magana biyu, kowacce minti ɗaya da rabi: ɗaya ta faɗa ko ban dariya, ɗaya ta lallashi. In darakta ya ce sake yi kamar kana jin tsoron mutumin, ba kushe ba ne, so yake ya ga ko kana juyuwa. Wanda ya maimaita yadda ya yi da farko ya faɗi.

Kada ka ba 'yan kallo ƙeya. Tsaya a karkace, ƙafar da ke nesa da su ta ɗan yi gaba, ƙirjinka zai buɗe musu. In an yi dariya dakata ta lafa, in ba haka ba maganarka ta gaba ta tafi a banza. In ka manta, ci gaba da kalmominka, ban da "yi haƙuri in sake".

Sa kayan da za ka iya durƙusawa da su, ka isa da rabin awa kafin lokaci. Za a tambaye ka ranakun rihazal. Faɗi gaskiya, in kana kasuwa har magariba ka ce haka tun yanzu.