Me za mu kira "plume" na injin roka da Hausa?

Injiniya Bashir: Jama'a, ana neman suna ga abin da ke fita daga bakin injin roka, wanda Turawa ke cewa "plume", da kuma aikin duba lafiyar inji ta hanyar haskensa. Hukumar NASA ta yi wannan aiki a kan RS-25, babban injin kumbon Space Shuttle, a cibiyoyinta na Marshall da Stennis a Amurka. Ni dai "hayakin roka" ne ya fara zo mini.

Dakta Hadiza: Injiniya, hayaki bai dace ba. RS-25 ruwan haidurojin da ruwan oksijin yake ƙonawa, abin da ke fita kusan duk tururin ruwa ne, har ana hango abin da ke bayansa. Wannan tsabtar ce ma ta sa awon ke aiki: ɗan ƙarfe kaɗan ya zaizaye daga injin ya shiga wutar, sai haskensa ya bayyana. Injin kananzir kuwa kunkunniya ce ke cika wutarsa, haskenta ya danne na ƙarafan.

Malam Sani: To tururi ke nan? Ko jelar roka?

Dakta Hadiza: Tururi ba ya haske, Malam. Jelar roka kuma mai karatu zai ɗauka ƙarfen bayan rokar ake nufi, kamar jelar jirgi. Ina ganin "wutsiyar wuta", tunda muna da tauraruwa mai wutsiya.

Injiniya Bashir: Ta zauna. Saura na'urar. Ana saita madubin hange daga nesa a kan ƙullin haske na farko da ke cikin wutsiyar, inda iskar ta sake matsewa ta yi zafi sosai. Hasken ya bi zaren gilashi zuwa na'urar da ke raba shi launi-launi. Kowane ƙarfe da layinsa a cikin launukan, ana auna shi da nanomita, wato ma'aunin tsawon zangon haske: kuromiyam a 425.4 da 427.5 da 428.9, baƙin ƙarfe wajen 372, jan ƙarfe 324.7 da 327.4, azurfa 328.1. Idan kuromiyam da baƙin ƙarfe suka tashi tare, boris ɗin famfon oksijin ake fara zargi, don ƙarfensa 440C ne, wani gauraye mai ɗauke da su biyun. Jan ƙarfe da azurfa kuwa bangon tukunyar ƙuna ne ke zaizayewa, shi da aka yi da NARloy-Z, gaurayen jan ƙarfe mai azurfa kashi 3 cikin 100. Nikel shi ne mai wahala, saboda sassa da yawa na ɗauke da shi, sai an duba yawansa a kan na sauran.

Malam Sani: Kamar dai bakanike da hayakin salansa. Na'urar a ce "matsefin haske", tunda tsefe shi take yi. Amma Injiniya, ko da yake jan ƙarfe kan mai da wuta kore, kore ba kullum ɓarna ba ne. Koren da ake gani lokacin kunna injin Merlin na kamfanin SpaceX daga sinadarin kunnawa ne mai boron. Wanda aka gani wajen saukar rokar gwajinsu Starship SN8 a Disamba 2020, shi ne jan ƙarfen injin ke ci.

Dakta Hadiza: Shi ya sa ba a dogara da ido. Gishirin iska ma kan jefa layin sodiyam a 589, a zaci matsala ce. Aikin baki ɗaya na fi son "awon wutsiyar wuta" a kan "bincike", don awo ake yi wa mai lafiya tun kafin ya kwanta.

Injiniya Bashir: Na rubuta: wutsiyar wuta, matsefin haske, awon wutsiyar wuta. Ƙullin hasken nan da Turawa ke kira da sunan Mach ne bai samu suna ba tukuna. Malam Sani, me ka gani?