Koci na neman wani aiki: yaushe zai faɗa wa shugabansa?

Ɗan_Benci:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana harkar horarwa ce. Koci yana da sauran shekara guda a kwantiraginsa, sai wani kulob ya fara zawarcinsa. Shin ya sanar da shugabanninsa tun yanzu, ko ya bari sai magana ta kankama? Kuma wa zai fara tunkara, daraktan wasanni ko shugaban kulob?

Mai_Usur:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ya buɗe baki ya ɗauko kwantiraginsa ya duba abu uku: wa'adin sanarwa kafin barin aiki, kuɗin da za a biya a sake shi, da kuma ko an hana shi magana da wani kulob sai da izini.

Game da lokaci, kiran waya na jin ta bakinsa ba abin kai wa shugaba ba ne, domin sau da yawa maganar a nan take mutuwa. Amma da zarar an sa ranar zama, ko an fara maganar albashi, to ranar nan ya nemi ganin wanda ke samansa kai tsaye. Idan akwai daraktan wasanni, shi ne farko. Tsallake shi zuwa wajen shugaba raini ne, kuma daraktan ne za a fara tambaya game da halin kocin.

A yi maganar ido da ido, kada a tura saƙon waya, kada kuma a yi ta a jajibirin wasa ko bayan an sha kashi. Washegarin wasa ya fi. Ya faɗi wanda ya neme shi, inda magana ta tsaya, da cewa bai sa hannu ba. Kada ya mai da zaman wurin zayyana ƙorafi. Daga nan ya bi da gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata.

Babbar ɓarna ita ce shugaba ya ji a bakin 'yan jarida. Dubi Julen Lopetegui, kocin Sifaniya a lokacin: Real Madrid ta sanar da ɗaukarsa ranar 12 ga Yuni 2018, shugaban hukumar ƙwallon Sifaniya ya ce mintuna biyar kafin sanarwar aka gaya masa, washegari hukumar ta kori Lopetegui, saura kwana biyu su buga da Portugal a gasar cin kofin duniya.

Lauyan_Wasanni:
Malam Mai_Usur ya yi daidai, sai dai in ƙara ɓangaren doka. Kada koci ya miƙa takardar ajiye aiki alhali tayin baki kawai gare shi. Sai rubutaccen tayi ya zo hannu, kuma an fayyace wanda zai biya diyya. Bisa al'ada sabon kulob ne ke tuntuɓar tsohon a hukumance, su daidaita. Haka Manchester United ta yi da Sporting a kan Ruben Amorim a 2024: ta biya Yuro miliyan 10 da ke cikin kwantiraginsa, ta ƙara wani abu aka rage wa'adin sanarwa, ya fara aiki ranar 11 ga Nuwamba.

Tun 1 ga Janairu 2021 FIFA ke da ƙa'idoji na musamman ga masu horarwa da ke aiki a wajen ƙasarsu. Wanda ya karya kwantiragi ba tare da hujja ba zai biya diyya. Idan kuwa kulob ya riƙe masa albashin wata biyu, sai ya rubuta musu ya ba su kwana 15, in ba su biya ba yana da damar tafiya. A rubuce fa, maganar baki ba ta zama hujja.

Hajiya_Kyaftin:
Ni inda nake son a yi hattara shi ne sanarwa ga jama'a. Gaya wa shugaba daban, shelantawa daban. Jurgen Klopp ya sanar da masu Liverpool a Nuwamban 2023 cewa zai bar kulob ɗin, ba a bayyana ba sai Janairun 2024, kulob ya samu sararin neman magaji. Marco Rose kuwa, da aka sanar a Fabrairun 2021 cewa zai bar Gladbach zuwa Dortmund, magoya baya suka juya masa baya, ƙungiyar ta yi ta shan kashi a jere. Don haka a zaman farko a amince da ranar sanarwa da wanda zai yi ta, kuma 'yan wasa su ji daga bakin kocinsu kafin ta fita.

Mataimakin koci shi ma, babban koci zai fara gaya wa, tunda shi za a kira a tambayi aikinsa. In kuma babban ne ke son tafiya da mataimakansa, ya ambaci sunayensu tun a zaman farko, don kowannensu da nasa kwantiragin, kuma sai an biya nasa daban.

Ɗan_Benci:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam Lauya, idan shugaba ya ƙi ba da izinin tattaunawa fa, kuma babu kuɗin saki a kwantiragin?

Lauyan_Wasanni:
To ba shi da ikon tilasta musu. Ko dai sabon kulob ya yi tayin diyyar da za su karɓa, ko kocin ya jira kwantiragi ya ƙare. Kafin nan kada ya fasa zuwa atisaye ko da kwana ɗaya, domin ƙin zuwa aiki shi ne hujjar da kulob zai fara kafawa a kansa.