Abin da aka tattauna kan zama da ciwon da ba ya warkewa

To jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda kar a ajiye magani don an ji sauƙi, musamman na hawan jini, don shi yakan hau ba tare da wata alama ba sai dai a wayi gari ya taɓa ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Masu mantuwa su sa alam a waya.

2. Masu sikila: ruwa da yawa, a guji sanyi da wahalar da jiki, zazzaɓi kuma ba na jira bane, asibiti kawai.

3. Masu suga su riƙa duba ƙafa kullum, kuma wanda yake kan allurar insulin kar ya fita ba ɗan abu mai zaƙi a aljihu, don ya sha in rawar jiki da zufa suka taso, alamar suga ya yi ƙasa.

4. Ranar da jiki ya yi daɗi kar a kwashe aikin sati a yi, gobe a kwanta. Wannan kam kowa ya ce ya taɓa faɗawa.

Inda aka rabu shi ne gaya wa mutane cewa kana da ciwon. Wasu sun ce a sanar a wurin aiki don a samu sassauci, wasu suka ce daga ranar ake fara yi maka kallon ɗan tausayi. Ni dai ina ganin ya kamata ko mutum ɗaya ne ya sani saboda ranar da abu zai tashi.

Maganin gargajiya ma an ja sosai, amma har masu sha sun ce a sanar da likita.