Birni ko ƙauye: inda shawara ta tsaya

Tun da sanƙarau ya toshe wa 'yar ƙanina kunne muke jan magana: a koma Kano ko a zauna? Jiya aka taru a zaure.

Malamin firamarenmu ya ce a kai ta Tudun Maliki, makarantar kurame da makafi, ta koyi maganar hannu da karatu. A nan ƙauye kuwa, can bayan aji take raɓewa, sai kallon bakin malam. Wannan ya sosa min rai.

Inna ta ce ba za a sayar da gona a kama haya ba. Yaya ya raba gardama: yarinyar ta zauna gun goggonta a birni, uwar ma ta koyi maganar hannun, lokacin hutu a dawo da ita gida. Ni ma nan na karkata.